Tsatsar da Ake Iya Kwancewa

Baba ya yi shekara talatin da wani abu yana gyaran injinan ban-ruwa. Tun ina ƙarama na saba jin sallamar manoman rani a ƙofar gidanmu da sassafe, an ɗauro inji a bayan babur, bututunsa a nannaɗe. Kafin ya ɗauki sifana sai ya sa a tayar da injin, ya karkata kai ya saurara. Ya sha gaya mini cewa rabin injinan da ake kawo masa lafiyarsu ƙalau, wani ɗan abu ne ya toshe, ko wani maƙulli aka murɗa aka manta. Sauran rabin kuwa tsatsa ce ta cinye su, kuma a wurinsa tsatsa ba ta da magani sai canji.

Shekara uku ke nan da hawan jinin da ya daɗe yana ɗauke da shi bai sani ba ya raunana masa zuciya. Likita ya ɗora shi a kan ƙwayoyi uku: lisinofiril, da furosemayid wanda Baba ke kira maganin fitsari, da 'yar mitsitsiyar ƙwayar digoksin. Aka hana shi gishiri da dunƙulen ɗanɗano da kanwa. Ya yi gardama a kan kanwa, don ya ji ana cewa fotasiyam ce, har sai da na tabbatar masa cewa sunan da ake kiranta da shi a Turancin Najeriya ne ya ruɗi mutane, ita kam sodiyam ne jibge a cikinta. Ya bi doka. Kumburin ƙafarsa ya sauka, ya koma zuwa masallaci da ƙafarsa.

Sai ga ɗan ƙanwarsa, yaro mai ladabi wanda ya gama karatu bai sami aiki ba, ya shiga harkar sayar da magungunan ƙarin lafiya. Ya zauna gaban Baba ya ɓare goro, ya ajiye, suka ci gaba da hira. Da goron ya dafe sai ya nuna masa, ya ce haka iskar oksijin ke yi wa zuciyar mutum, tsatsa take yi daga ciki, magungunan asibiti kuma rufe ciwon kawai suke yi, ga wanda ke kankare tsatsar daga tushe. Ban taɓa jin an zaɓar wa mutum kalmar da ta dace da kunnensa kamar wannan ba. Kuɗin kwalba ɗaya ya fi na magungunan asibitinsa na wata uku, kuma aljihun ɗan fansho ba zai ɗauki biyun ba, don haka ya zaɓi ɗaya bai gaya wa kowa ba. Cikin mako uku takalminsa ya daina shiga. Daren da muka kai shi asibiti a zaune ya kwana, don in ya kwanta numfashi ƙwace masa yake yi.

A dare na biyu, bayan allurai sun janye ruwan, ya dube ni. Sunan mahaifiyarsa gare ni, shi ya sa ba ya kama shi.

"Ummi, ke da kika karanta wannan abu, tsatsar nan da yaron nan yake faɗa, ƙarya ce?"

Raina a ɓace yake, na so in ce masa ƙarya ce tsagwaronta a wuce wurin. Amma akwai ƙanshin gaskiya a cikinta, Baba kuma ba mutumin da ake sallama da rabin magana ba ne.

"Akwai ta, Baba," na ce. "Sai dai ba irin wadda ka sani ba ce."

"To wace iri ce?"

Shekara tara ina koyar da ilimin sinadaran jiki, amma a daren nan na rasa inda zan kamo bakin zaren. Nas ta shigo auna jini, maganar ta bi ruwa. Abin da ke biye shi ne amsar da na yi ta harhaɗawa tun daga lokacin, kuma da yake mai tambayar makanikin famfo ne, daga famfo na fara.

Kowace ƙwayar halitta a jikinmu 'yar jaka ce ta ruwa da tantani mai maiƙo ya kewaye, kuma ruwan cikinta ya bambanta da na wajenta. A jini sodiyam ya kai wajen milimol 140 a kowace lita, a cikin ƙwaya kuwa 10 zuwa 15 ne. Fotasiyam akasin haka yake: wajen 140 a ciki, 4 zuwa 5 a waje. Wannan bambanci ba ya zama da kansa. Tantanin yana yoyo, sodiyam na kutsowa ciki dare da rana, fotasiyam na sulalewa waje, kamar kwalekwalen da ruwa ke shiga ta tsaguwar katako. Mai kwarfe ruwan wani furotin ne da ke dashe a jikin tantanin, wanda ake kira famfon sodiyam da fotasiyam. A kowane juyi yana fitar da sodiyam uku, ya shigo da fotasiyam biyu, ya ƙone ƙwaya ɗaya ta ATP, wato man da ƙwayoyin halitta ke aiki da shi. Yana iya yin juyi wajen ɗari a sakan guda, kuma ƙwayar tsokar zuciya ɗaya tana ɗauke da miliyoyinsa.

Aikin nan yana da tsada. Ko mutum na barci, wajen kashi ɗaya cikin biyar na ƙarfin da jikinsa ke ƙonewa a wannan famfo yake tafiya, a ƙwaƙwalwa kuma ya kai rabi. Ribar ita ce bambancin da ya tara yana zama kamar ruwan da aka ɗaga zuwa tanki a kan hasumiya. Da shi jijiya ke aika saƙo, da shi hanji ke jawo sukari, da shi ƙoda ke maido da gishiri daga lita wajen 180 na ruwan da take tacewa a yini. A zuciya kowane bugu da buɗe ƙofa yake farawa: sodiyam ya kwararo ciki, kalsiyam ya biyo baya, tsoka ta matse. Kafin ta saki sai an kwashe kalsiyam ɗin, kuma ɗaya daga cikin masu kwashe shi wani furotin ne da ke musaya, ya bar sodiyam uku su shigo ya tura kalsiyam ɗaya waje. Idan sodiyam ya riga ya taru a ciki, musayar ba ta tafiya yadda ya kamata. A riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Wanda ya gano famfon wani likita ne ɗan ƙasar Denmak, Jens Christian Skou, a Jami'ar Aarhus. Binciken allurar kashe zafi yake yi, yana niƙa jijiyoyin ƙafar ƙaguwa, sai ya ci karo da wani sinadari da ba ya ƙona ATP sosai sai an haɗa masa sodiyam da fotasiyam. Ya wallafa sakamakon a 1957, ya ƙi sa kalmar famfo a kanun takardar don gudun a ce ya cika baki. Sai bayan shekara 40, a 1997, aka ba shi kyautar Nobel. A 2007, a Aarhus ɗin dai, Poul Nissen da abokan aikinsa suka fitar da hoton ƙirar famfon dalla-dalla daga ƙodar alade. Gaɓa uku gare shi: babba mai suna alfa, mai amino asid wajen dubu, wadda ke kama gishirin da ATP, matsakaiciya mai suna beta, wadda ke tallafe ta, da wata ƙarama daga dangin da ake kira FXYD, mai daidaita saurin aiki.

Yanzu tsatsar. Abin da ke faruwa da ƙarfe a damina da wanda ke faruwa da ɓararren goro asalinsu ɗaya ne: oksijin mai ƙwacen ilektaron ne. Yaron bai yi ƙarya a nan ba. Muna shaƙar oksijin ne don ya karɓi ilektaron ɗin da aka tatso daga abinci, a cikin maitokondiriya, ya zama ruwa. Kaɗan daga ciki kan kuɓuce a rabin hanya ya zama sufa-oksayid, wanda jiki ke mayarwa haidirojin faroksayid, wato sinadarin da ke cikin ruwan nan mai kumfa da ake wanke rauni da shi. Idan waɗannan suka fi ƙarfin masu share su, an shiga halin da Helmut Sies na Jamus ya raɗa wa suna a 1985, wanda zan kira matsin oksijin.

Ga abin da masu talla ba sa faɗa. Jiki yana da wani inji na musamman, NADPH oksides, wanda ba shi da wani aiki sai ƙera sufa-oksayid da gangan. Fararen ƙwayoyin jini da shi suke kashe ƙwayoyin cuta, kuma yaran da aka haifa ba ya aiki a jikinsu suna fama da ƙuraje da cututtukan huhu tun suna ƙanana. Akwai shi a jijiyoyin jini, akwai shi a tsokar zuciya, a dashe cikin tantani kusa da famfon. Ƙarfe ba ya ƙera wa kansa tsatsa. Halittar da ke ƙera ta da hannunta, a daidai inda take so da lokacin da take so, lallai akwai abin da take yi da ita.

Cikin amino asid ashirin da ake gina furotin da su, akwai ɗaya mai suna sistayin wanda ke ɗauke da ƙwayar farar wuta a ƙarshensa. Farar wutar nan ita ce ta fi saurin sakin ilektaron, saboda haka a kanta oksijin ke fara sauka. Saukar hawa-hawa ce. Idan oksijin ɗaya ya maƙale, ana iya komawa baya. Idan ya zama biyu, komawa ta yi wuya ƙwarai. Idan ya kai uku an gama, furotin ɗin sai bola. Tsakanin hawa na farko da na biyu akwai mai shiga tsakani, wani ɗan guntun sinadari mai amino asid uku da ake kira gulutatayon, wanda kowace ƙwaya ke tara shi da yawa, milimol 1 zuwa 10. Shi ma yana da tasa farar wutar. Da zarar sistayin ɗin furotin ya ji taɓin oksijin, sai gulutatayon ya zo ya manne masa, farar wuta da farar wuta, ya rufe shi ruf. Daga baya wani sinadari mai suna gulutaredoksin ya zo ya ɓalle shi, sistayin ya koma yadda yake.

Da na yi wa Baba wannan bayani bayan an sallamo shi, sai ya ce ai wannan ƙyalle ne mai giris da ake ɗaure wa kusa kafin damina. Ban sami kwatancin da ya fi nasa ba. Ƙyallen yana hana ruwa cin ƙarfen, yana kuma hana kusar juyawa har sai an kwance. Gulutatayon abu ne mai ɗan girma, yana ɗauke da cajin lantarki, don haka inda duk ya manne sai siffar furotin ta ɗan jirkice, motsinsa ya sauya.

A 2009 Gemma Figtree da Helge Rasmussen a birnin Sidni na Ostireliya, tare da abokan aiki a Lozan ta Suwizalan, suka nuna takamaiman inda ake ɗaura ƙyallen a jikin famfon. Gaɓar beta ta zuciya tana da sistayin bakwai. Shida sun riƙe juna bibbiyu, ba ruwansu da kowa. Ɗaya ne ke zaune shi kaɗai, na lamba 46. Suka ɗauki ƙwayoyin tsokar zuciyar zomo suka zuba musu anjiyotensin, sinadarin da jiki ke saki don ɗaga bugun jini. Anjiyotensin ya tayar da NADPH oksides, sufa-oksayid ya fito, gulutatayon ya manne wa sistayin na 46, famfon ya rage gudu. Da suka toshe NADPH oksides, famfon bai rage gudu ba. Abin da ya fi gamsar da ni shi ne gwajin da suka yi da ƙwan kwaɗo: suka sa ƙwan ya ƙera famfon da aka sauya masa wannan sistayin da wani amino asid, suka zuba masa sinadarin da ke hana famfo na asali aiki, shi ko gezau. Amino asid ɗaya tak cikin fiye da dubu. Tsatsa ba ta zaɓe haka. Inda ruwa ya taɓa nan take ci.

Akwai wani abin mamaki a ciki. A hoton ƙirar famfon, sistayin na 46 yana binne cikin maiƙon tantani, inda gulutatayon, mai son ruwa, ba zai iya kaiwa ba. Mutanen Sidni suka gano cewa mannewar ta dogara ne da siffar da famfon yake ciki: yayin da ya buɗe baki ta ciki don ɗaukar sodiyam ya fi kamuwa, yayin da ya juya ya fi tsira. Wato sai yana cikin wani mataki na aikinsa ake iya taka masa birki. A 2011 kuma suka nuna cewa ƙaramar gaɓar nan ta FXYD tana da nata sistayin, kuma tana taimakawa wajen sauke gulutatayon daga beta. Mai kwance ƙyallen yana zaune a gefen kusar tun asali.

Tambayar da Baba ya yi a nan ita ce ta kowane makanike: me zai sa inji ya rage wa kansa gudu? Amsa mafi kyau daga Mosko da Zurik ta fito. A 2012 Irina Petrushanko da Anna Bogdanova da abokan aikinsu suka duba babbar gaɓar, alfa, mai sistayin 23. Suka ga cewa idan oksijin ya yi ƙaranci a tsokar zuciyar ɓera, gulutatayon na mannewa a kan wasu sistayin, ciki har da na 454 da 458 da 459, waɗanda ke kusa da gurbin da ATP ke zama, famfon kuma ya tsaya. Amma muddin ATP ya haura rabin milimol, mannewar ba ta samuwa, don shi ya tare wurin. Ƙwaya mai lafiya tana da ninkin wannan sau da yawa. Ashe birkin ba ya kamawa sai mai ya kusa ƙarewa. Famfon na cikin manyan masu shan mai a gidan, saboda haka ranar da mai ya yanke, ana rage masa, don ragowar ta riƙe rai har a sami sauƙi. Ba sabon abu ba ne a halitta. Akwai kunkurun ruwa a Arewacin Amurka da ke yin watanni ƙarƙashin ƙanƙara babu oksijin, kuma a 1993 Leslie Buck da Peter Hochachka na Kanada sun auna cewa ƙwayoyin hantarsa na rage aikin famfon da kashi 75 cikin ɗari a irin wannan hali. Sai dai kunkurun yana toshe yoyon tantaninsa a lokaci guda. Zuciyar ɗan Adam ba ta iya wannan ba; dole ta ci gaba da bugawa, kowane bugu kuma ƙarin sodiyam ne.

Nan ne labarin ya iso gadon asibitin Baba. Idan zuciya ta raunana, jinin da ke isa ƙoda yana raguwa. Ƙoda ba ta san zuciya ce ta gaza ba, ta ɗauka jini aka zubar, sai ta saki renin, renin ya haifar da anjiyotensin, jijiyoyi su tsuke, a riƙe gishiri da ruwa. Ga wanda aka sara da adda wannan ceto ne na awanni. Ga mai raunin zuciya kuwa kiran ba ya yankewa, shekara da shekaru. NADPH oksides na kunne, ana ɗaura ƙyallen fiye da yadda ake kwancewa, famfon na tafiyar hawainiya, sodiyam na taruwa cikin ƙwayar tsoka. An auna wannan taruwa a zukatan dabbobi da na mutane masu ciwon. Musayar nan da na ce a riƙe sai ta yi rauni, kalsiyam ya daɗe bai fita ba, tsokar ta kasa saki sosai tsakanin bugu da bugu, bugun kuma ya riƙa rikicewa. Akwai ƙarin ɓarna. Brian O'Rourke da Christoph Maack a Jami'ar Johns Hopkins sun nuna cewa yawan sodiyam yana tatse kalsiyam daga maitokondiriya, ita kuma da kalsiyam take sanin cewa ana bukatar ƙarin mai, da shi kuma take sabunta kayan kariyarta. Sai ta riƙa zubar da ƙarin faroksayid, wanda zai koma ya sake taɓa famfon. Abu ya zama kare na bin wutsiyarsa.

Ko ruwan da ya hana Baba kwanciya yana da alaƙa da wannan. Matsin jini ne ya turo shi cikin huhu, amma kwashe shi aikin famfon ne: ƙwayoyin da suka shimfiɗe cikin jakunkunan iska suna jan sodiyam, ruwa ya bi shi. A 2003 Laura Dada da Jacob Sznajder a Shikago sun nuna cewa idan oksijin ya yi ƙaranci, faroksayid ɗin maitokondiriya na tayar da wani sinadari da ke manna wa alfa alama, sai ƙwayar ta janye famfon daga tantani ta shigar da shi ɗaki. Ba a lalata shi nan take ba, an dai sauke shi daga bakin aiki a daidai lokacin da mai haki ya fi bukatarsa.

Tsatsa ta gaske, irin ta Baba, ita ma tana nan, kuma ba zan ɓoye ta ba don in ci gardama. Idan matsin ya yi tsanani ko ya daɗe, gulutatayon ya kan ƙare, sistayin ya hau hawa na biyu da na uku. Maiƙon tantanin kansa yana lalacewa kamar man gyaɗar da ya daɗe a buɗe, ya farfashe ya fitar da wani guba da ake taƙaita sunansa da HNE, wanda ke liƙe wa furotin liƙewar da ba ta ɓalluwa da sauƙi. A shekarun 1990 Mark Mattson a Jami'ar Kentaki ya nuna cewa furotin ɗin da ke taruwa a ƙwaƙwalwar masu cutar mantuwa ta Alzheimer yana haifar da HNE a ƙwayoyin jijiya, shi kuma ya gurgunta famfon. Maganin ciyawar nan farakwat da manoma suka sani ta wannan hanya yake kisa, yana ta ƙera sufa-oksayid ba ƙaƙƙautawa, har ma masu bincike da shi suke jawo matsin oksijin a ɗakin gwaji. A irin wannan mataki ƙwaya ba ta gyara, niƙe famfon take yi ta ƙera sabo, idan tana da sauran ƙarfi. Hukuncin Baba a kan tsatsa ya tabbata a nan: sai canji.

To me zai hana a sha abin da ke share oksijin ɗin tun bai yi ɓarna ba? Tunani ne mai kyau, manyan masana sun yi shi kafin ɗan'uwana, kuma an gwada. A Finlan an bai wa maza masu shan taba sama da 29,000 bitamin E ko beta-karotin. Sakamakon 1994 ya nuna sankarar huhu ta ƙaru da kashi 18 cikin ɗari a wurin masu shan beta-karotin. Wanda ya fi dacewa da Baba shi ne gwajin HOPE da aka jagoranta daga Jami'ar McMaster ta Kanada, a kan mutane sama da 9,000 masu haɗarin ciwon zuciya. An gwada abu biyu a tare, bitamin E da ramifiril, ɗan gida ɗaya da lisinofiril. A 2000 aka ga ramifiril ya rage mutuwa ta dalilin zuciya da bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki da kashi 22 cikin ɗari. Bitamin E bai rage komai ba, da aka ci gaba da bibiya ma, sakamakon da aka wallafa a 2005 ya nuna raunin zuciya ya ɗan fi yawa a wurin masu shan sa.

A ganina sistayin na 46 ya bayyana dalili. Sufa-oksayid ɗin da ke taka wa famfon birki a gefensa ake ƙera shi, kuma yana haɗuwa da abin da zai haɗu da shi kafin ƙiftawar ido. Ƙwayar da aka haɗiya, ta bi hanji, ta watsu a jiki duka, ba za ta riga shi isa wurin ba. In ma ta isa, ba ta san wanne ne saƙo wanne ne ɓarna ba. Lisinofiril kuwa hana ƙera anjiyotensin yake yi, wato ya je ya kashe injin da ke feso ruwan maimakon bin ƙasa da tsumma. Tun a shekarun 1990 ɗakin binciken Rasmussen ya ga cewa zomayen da aka bai wa kaftofiril, wani ɗan gidan, famfon zuciyarsu ya fi ƙarfi. Wannan ɗaya ce daga hanyoyin da maganin ke amfani. Yana kuma sassauta jijiyoyi, yana rage riƙon gishiri. Amma abin dariya ne mai ɗaci cewa ƙwaya mai arahar da Baba ya ajiye ta fi kusa da tushen tsatsar da aka tsorata shi da ita fiye da kwalbar da ya saya.

Kada kuma in yi wa nawa ɓangaren irin tallan da nake zargi. Yawancin wannan shaida daga zomo da ɓera da ƙwan kwaɗo ta fito, kuma hanya daga ƙwan kwaɗo zuwa gadon asibiti tana da nisa. Mutanen Sidni sun gano cewa wani magani na mafitsara, mirabegiron, yana cikin dangin da ke sauke gulutatayon daga famfon. Aka gwada shi a Kofanhegan a kan masu raunin zuciya 70 na wata shida, sakamakon 2017 bai kai ga abin da aka sa gaba ba, sai dai alamun amfani a wurin waɗanda zuciyarsu ta fi rauni. Ana ci gaba da bincike.

Baba ne ya kama ni a wani wuri da ban shirya ba. Na taɓa gaya masa cewa digoksin rage wa famfon gudu yake yi, kuma bai manta ba.

"Tsaya, Ummi. Kin ce ciwon yana danne famfon. Likita kuma ya ba ni abin da ke danne shi. Yaya ke nan?"

Gaskiyarsa. Digoksin daga ganyen wata fure ta Turai ake samun sa, wadda William Withering na Ingila ya rubuta littafi a kanta a 1785, kuma danginsa na nan cikin farin ruwan tumfafiya, abin da ya sa ake hana yara wasa da shi. Yana zama a bakin famfon ta waje, ya tsayar da kaɗan daga cikinsu, sodiyam ya ɗan ƙaru, kalsiyam ya ɗan taru, bugu ya yi ƙarfi. Yana kuma rage gudun zuciyar da ke sauri ba tsari, wanda shi ne dalilin da aka ba Baba. Amma ribar tana da iyaka. A babban gwajin 1997 a kan mutane 6,800 ya rage kwanciya asibiti, bai rage mutuwa ba, kuma tazarar da ke tsakanin magani da guba a wurinsa siririya ce. Fotasiyam na takara da shi a bakin famfon, furosemayid kuma na zubar da fotasiyam a fitsari, shi ya sa ake yawan ɗibar jinin Baba a auna. Na ce masa bambancin na awo ne: likita na murɗa maƙullin kaɗan yana kallon agogo, ciwon kuwa murɗawa yake yi ba ya dubawa. Ya yi shiru, sannan ya ce amsar ba ta cika ba amma ya karɓa. Ni ma na san ba ta cika ba. Likitocin zuciya na gardama a kan matsayin digoksin har gobe.

Ya koma kan ƙwayoyinsa uku. Na saya masa ma'auni, kowace safiya bayan sallar asuba yana hawa ya rubuta nauyinsa a bayan kalandar da ke zaure, in ya ƙaru da kilo biyu cikin kwana uku a kira ni. Ɗan ƙanwarsa ya zo dubiya kansa a sunkuye. Na shirya masa maganganu, amma Baba ya riga ni, ya ce ya zauna, ya sa aka kawo masa kunu, ya tambaye shi ko ya biya mutanen da suka ba shi kayan bashi. Bai biya ba. Baba ya ce in duba masa ko akwai gurbin koyarwa a makarantar unguwa.

Kwalbar tana nan a shagonsa. Ya zubar da abin da ya rage a ciki, ya wanke ta, yana ajiye ƙananan wasa da noti, don ya ce murfinta na rufuwa da kyau, danshi ba ya shiga.